Yadda Ake Kafa Buɗaɗɗiyar Kanta a Kicin da Yadda Ake Jera Mata Kaya

Kabad mai ƙofa yana rufa wa kicin asiri. Ko an cusa kaya barkatai, da zarar an tura ƙofa shi ke nan. Buɗaɗɗiyar kanta kuwa, wato falankin da aka kafa a bango ba ƙofa ba murfi, duk abin da aka ɗora mata yana bainar ido, yana kuma shan ƙura da maiƙon girki. Saboda haka kayan da suka dace da ita su ne waɗanda hannu ke kaiwa gare su kullum. Farantin da ake ci a ciki safe da yamma ba ya samun zaman da ƙura za ta taru masa, wanki yana riga ta. Wanda ake fitarwa sau biyu a shekara kuwa sai ya yi danƙo. A kan wannan ƙa'ida ake auna komai: tsawon kantar, inda za a kafa ta, da abin da za a bari a cikin kabad.

Wanda bai taɓa zama da irin wannan kanta ba, gara ya gwada kafin ya huda bango. A kwance ƙofofin kabad ɗaya na sama, a adana su tare da sukurorinsu, a zauna haka har wata guda. Idan wata ya cika gidan na iya riƙe wurin tsaf, a ci gaba. Idan ya zama wurin jibge leda da murafan roba, a mayar da ƙofa, ba a yi asarar komai ba.

A fara da kaya, ba da katako ba

A fito da kayan da ake amfani da su aƙalla sau uku a mako, a jera su a kan tebur yadda ake son ganinsu a bango: farantai a tsibi ɗaya, kwanuka a ɗaya, kofuna a layi. A sa tef a auna tsawon layin, a ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai don sarari. Wannan shi ne tsawon kantar da ake bukata. Kicin mafi yawa ba ya bukatar fiye da hawa biyu ko uku masu tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Faɗi kuma babban faranti ne ke yanke shi. Farantin cin abinci yakan kai santimita 26 zuwa 28, don haka kantar farantai tana bukatar faɗin santimita 28 zuwa 30. Kofuna da kwalabe sun wadatu da 20. Kada a wuce 30 sai da dalili, domin kanta mai faɗi sosai tana yi wa teburin aiki inuwa, tana buge goshin mai yanka, kuma tana ƙara wa sukurorin bango wahala.

Teburin aikin kicin yawanci tsayinsa santimita 90 ne daga ƙasa. Hawa na farko ya zauna santimita 45 zuwa 50 a samansa, yadda injin markaɗe da butar dafa ruwa za su shiga ƙarƙashi. Tsakanin hawa da hawa a bar santimita 28 zuwa 35, ko kuma a auna abin da ya fi tsayi a ƙara masa santimita 5 na shigar hannu. Abin da ya haura santimita 180 daga ƙasa ya fi ƙarfin hannun mutane da yawa sai da kujera, don haka mai yin girkin ne ya kamata ya tsaya jikin bango ya miƙa hannu, a sa alama inda yatsunsa suka tsaya ba tare da ya yi ɗage ba. Daga nan a manna salatif ɗin takarda a bango a matsayin kowane hawa, a ja da baya a duba. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan aiki ido da tef tare suke tafiya.

Inda ba a kafawa

Kada a kafa kantar katako a saman murhu. Bayan haɗarin gobara, wanda ya sa ƙa'idojin gini a Amurka suka tanadi tazarar inci 30, kimanin santimita 76, tsakanin kan murhu da duk abin da ke iya kama wuta, akwai hannun da zai miƙa ta kan tukunya mai tafasa don ɗauko gishiri. Ko gefen murhu ma a ba shi tazara gwargwadon hali. Lokacin suya mai yana tashi a ƙananan ɗigo tare da tururi, ya sauka a kan duk abin da ke kusa, ƙura ta bi ta manne. Wannan ne danƙon da tsumma busasshe ba ya fitarwa. Kicin da ake yawan suya, kuma ba shi da taga ko na'urar zuƙe hayaƙi, ya fi dacewa da kanta ɗaya kawai can nesa da wuta, sauran kaya a rufe.

Wuri mafi kyau shi ne tsakanin wurin wanke-wanke da teburin da ake zuba abinci. A wanke, a tsane, a ɗora da taku ɗaya. Gefen taga ma yana da kyau, domin kanta ba ta tare haske kamar kabad.

Katako da dalilin lanƙwasarsa

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin ba a jin nauyin kayan kicin sai an tara su. Farantin tangaran guda yana kai rabin kilo ko fiye, dozin ɗinsa kilo 6 zuwa 9. Kwalbar lita ɗaya cike da hatsi ta haura kilo ɗaya idan aka haɗa da nauyin gilashin. Kafin a ankara mita ɗaya na kanta ya ɗauki kilo 20 zuwa 25. Da wannan lissafin za a sayi katako.

Abubuwa biyu ke sa falanki ya yi ciki: kaurinsa da nisan da ke tsakanin madogaransa. Idan aka ninka kauri, ƙarfin tsayuwarsa yana ninkuwa sau takwas. Idan aka ninka nisan madogarai, aka kuma cika shi da kaya daga wannan gefe zuwa wancan, lanƙwasar tana ninkuwa sau goma sha shida. Shi ya sa ƙarin madogari ɗaya a tsakiya yake gyara abin da sauya katako gaba ɗaya ba zai gyara ba.

Katako na gaske mai kaurin santimita 2.5 zuwa 4 shi ne zaɓi na farko, da sharaɗin ya bushe sosai. Ɗanye yana murɗewa bayan 'yan watanni ya ɗaga kusurwa ɗaya. Filawud mai kaurin milimita 18 yana yi idan madogarai ba su wuce santimita 70 tsakaninsu ba, kuma idan aka manna masa siririn katako a bakin gaba sai ya ƙara ƙarfi, ya kuma rufe layukan gefensa. Allon garin katako da aka matse, irin su MDF, shi ne mafi rauni: yana ci gaba da lanƙwasa a hankali muddin kaya na kansa, kuma ruwa na shiga gefensa sai ya kumbura ba ya komawa. Idan dole shi za a sa, madogarai kada su wuce santimita 50 tsakani, kuma a nesanta shi da wurin wanki. Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na kicin ɗin gidajen abinci, ya fi komai sauƙin gogewa. Gilashi kuma sai mai tauri na musamman da aka gasa, kuma don kofuna marasa nauyi kawai.

Kafin a kafa, a goge katakon da samfefa mai lamba 120, a bi da 180 ko 220, a share garin. A shafa fanish sau biyu ko uku, ana bari ya bushe tsakani ana ɗan goge shi sama-sama. A shafa ko'ina: sama, ƙasa, gefuna, har bakin da zai jingina da bango. Idan aka shafa fuska ɗaya aka bar ɗaya, wadda aka bari tana shan laimar tururi ita kaɗai, sai falankin ya lanƙwashe kamar kwami.

Madogari da bango

Madogarin da ake gani, mai siffar kusurwa, ya fi ɗaukar nauyi. Hannunsa na kwance ya kai aƙalla kashi uku cikin huɗu na faɗin kanta, wato santimita 22 zuwa 25 ga kanta mai faɗin 30. Amma ƙafarsa da ke jikin bango ita ce ba a cika kula da ita ba. Kaya ba ƙasa kawai suke dannawa ba, suna neman fizge sukurun sama daga bango. A ce kilo 20 na zaune santimita 15 daga bango. Idan tsakanin sukurun sama da ƙarshen ƙafar santimita 15 ne, fizgar daidai take da kilo 20. Idan ƙafar gajeriya ce, santimita 5, fizgar ta zama kilo 60. Don haka madogari mai doguwar ƙafa da ƙarfen tokare a tsakiya ya fi mai ƙyalƙyali da gajeriyar ƙafa. A sa su santimita 40 zuwa 60 tsakani ga kayan nauyi, kuma kada bakin falanki ya zarce madogarin ƙarshe da fiye da santimita 15.

Akwai kuma kantar da ba a ganin madogarinta, wadda take kamar ta tsiro daga bango. Sandunan ƙarfe masu kaurin milimita 10 zuwa 12 ne ake kafawa a bango, a huda bayan katakon a zura shi. Tana da kyau a ido, sai dai tana bukatar katako mai kaurin santimita 4 ko fiye, sandunan su shiga kashi biyu cikin uku na faɗinsa, ramukan kuma su miƙe sak. Ramin da ya karkace kaɗan yakan sa kantar ta sunkuyo gaba, kofuna su riƙa zamewa. Mu dai ra'ayinmu, tsibin farantai da tukwanen ƙarfe a bar wa madogarin da ake gani.

Kafin injin huda ya taɓa bango, a tuna wayoyin lantarki yawanci suna tafiya a miƙe ne daga soket da makunni, sama ko ƙasa ko gefe. Kada a huda a kan waɗannan layuka, haka ma saman famfo da ƙarƙashinsa. Akwai 'yar na'ura da ake gogawa a bango ta nuna waya ko bututu, kuma kashe wutar kicin daga babban makunni kafin hudawa ba ɓata lokaci ba ne.

A bangon bulo ko kankare ana sa robar da ake cusawa cikin rami don ta riƙe sukuru. Roba mai kaurin milimita 8 tana tafiya da bakin huda na milimita 8 da sukuru mai kaurin 5, tsawon 60 zuwa 70. Filastar da aka shafa a bango ba ta riƙe komai, don haka robar ta wuce ta ta shiga bulon kansa. A huda rami ya zarce robar da santimita ɗaya, a fitar da garin da ke ciki, domin garin yana hana robar kamawa. Idan bulo mai rami ne a ciki, a kashe bugun injin, a huda da juyi kawai don kada cikin ya farfashe, a kuma nemi robar da ke ƙullewa a bayan ramin. Idan bakin hudan ya shige ba wahala kuma yashi na zubowa, bulon ba shi da ƙarfi. Maganinsa a kafa dogon katako a kwance jikin bango da sukurori da yawa, a ɗaura madogaran a kansa, nauyi ya rarrabu.

Bangon allon jifsam kuma, wato siririn allon da ake raba ɗaki da shi a maimakon bulo, ba ya ɗaukar kantar kicin shi kaɗai. Dole sukuru ya sami ginshiƙin da ke bayansa, waɗanda yawanci suke santimita 40 ko 60 tsakani, ya shiga katakon aƙalla santimita 3.5.

Tayil yana son haƙuri. A manna salatif ɗin takarda inda za a huda don kada baki ya zame, a yi amfani da bakin huda na tayil, a tafi a hankali ba bugu, ana jiƙa shi da ruwa. In an wuce tayil sai a sauya baki a ci gaba cikin bango. A tura robar ta shige bayan tayil ɗin, in ba haka ba idan sukuru ya buɗa ta sai tayil ya tsage. Kada kuma a ɗaure sukurun har ƙarfen ya matse tayil da ƙarfi.

Wajen kafawa, a ja layi da fensir da ma'aunin daidaito, wannan mai ɗigon iska a cikin ruwa. Kada a auna daga tebur ko daga silin, domin su ma ba lallai su daidaita ba. A kafa madogari na farko da sukurun sama kaɗai, a ɗora falanki, a sa ma'auni a kansa, sannan a sa alamar na ƙarshe. Na tsakiya su zo daga baya. A ɗaure falankin jikin madogarai ta ƙasa da gajerun sukurori da ba za su ɓullo sama ba. Kafin a ɗora tangaran ko ɗaya, a jera robobin ruwa, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce, har su kai nauyin da ake sa rai, a bar su su kwana. Da safe a duba ko an sami tsaga tsakanin madogari da bango. Mai son fitila a ƙarƙashin kanta ya yi wa wayarta hanya tun yanzu, tun ran gini tun ran zane.

Jeren kaya

Hawa na ƙasa na kayan kullum ne, kuma na masu nauyi. Tsibin farantai ya zauna daidai kan madogari, a tura shi kusa da bango, kada ya wuce guda takwas, domin wanda ya fi haka wahalar zarewa yake yi kuma na ƙasa ke shan matsi. Kwanuka huɗu zuwa shida a tsibi. Kofunan shayi su zauna kusa da butar ruwa, hannayensu na duban gefe guda. Wannan ƙaramin abu ne, amma a gwada: kofuna shida da hannayensu suka dubi dama duka sun fi kama da abin da aka tsara, kuma hannu na ɗauka ba lalube. Tambulan a kife ba ya tara ƙura, sai dai dole ya bushe sarai kafin a kife shi, in ba haka ba laima ta maƙale ciki ta yi wari ta kuma ɓata fanish. Idan wuri ya yi kaɗan, a ɗaura ƙugiyoyi a ƙarƙashin falanki, santimita 10 zuwa 12 tsakani, a rataye kofuna ko ludayi.

Hawa na biyu na busassun kaya ne da ke saurin ƙarewa, a kwalabe masu murfin da ke rufewa ruf. Murfi mai zoben roba shi ke hana laima da ƙwari. A zaɓi kwalabe iri ɗaya masu girma biyu ko uku, a rubuta suna a gaba, ranar ƙarewar wa'adi a ƙasan kwalbar. Kada a zuba sabo a kan tsoho. A juye ragowar, a wanke, a busar, a zuba sabon, a ɗora tsohon a sama don shi za a fara ɗiba.

Man girki da kayan ƙamshi na gari ba sa son wannan wuri, ko da yake su aka fi gani a hotuna. Haske da zafi suna sa mai ya yi ɗaci da wuri, suna kuma kashe launi da ƙamshin garin yaji. A fito da ɗan abin da zai ƙare cikin mako biyu ko uku a kwalba mai duhu ko gwangwani, babban a ajiye shi a rufe. Wuƙaƙe, magunguna da sinadaran wanki ba su da gurbi a nan ko kaɗan. Robobin ajiye abinci da murafansu ma kabad ne gidansu, ba sa jeruwa.

Abin da ke sa kanta kyau shi ne sarari. A bar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kowane hawa fayau, tare da faɗin tafin hannu tsakanin rukuni da rukuni. Launi kada ya wuce biyu ko uku: misali farin tangaran, launin katako, da wani launi guda mai ɗan ƙarfi da zai bayyana a wurare biyu ko uku a hawa daban-daban, ba a jibge wuri ɗaya ba. A sassaɓa tsayi, dogo kusa da gajere, mai faɗi a jingine a baya. Allon yanka ko babban tire da aka jingina yana rufe bango ya ba ƙananan kaya majingina, amma a manna siririn katako a kan falankin, santimita 3 zuwa 4 daga bango, don gindinsa ya tokare. Ƙananan tarkace irin su abin buɗe gwangwani a tara su a kwando ɗaya ko tire, sai ido ya gan su abu guda. Hawa na can sama ya ɗauki marasa nauyi da ba za su yi rauni ba in sun faɗo, kuma kayan ado zalla kada su wuce ɗaya ko biyu a duk kantar, domin kowannensu aikin goge-goge ne. Gidan da ke da yara ƙanana ko kyanwa, ko yankin da ƙasa ke girgiza, a kafa ɗan shinge mai tsayin santimita 2 zuwa 3 a bakin gaba.

In an gama, a tsaya a ƙofar kicin a ɗauki hoto da waya. Cunkoson da ido ya saba da shi hoto yana fito da shi.

Kula da ita

Sau ɗaya a mako a bi da ɗanyen tsumma, a bi da busasshe. Sau ɗaya a wata a sauke komai, a wanke falankin da ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, har ƙarƙashinsa, inda tururi ke taruwa. Soson ƙarfe yana kankare fanish, a guje shi. A wannan saukewar ce ake gane abin da bai dace ba: duk abin da aka ɗaga aka ga ya bar zoben ƙura a mazauninsa, ba a taɓa shi ba wata guda, ya koma kabad. Bayan watan farko da kafawa, sannan duk wata shida, a sa sukudireba a gwada sukurun sama na kowane madogari. Idan yana juyawa ba ya kamawa, robar ta saki. A sauke kaya nan take, a faɗaɗa ramin zuwa milimita 10 a sa roba mafi girma, ko a matsar da madogarin santimita 5 gefe a huda sabo.